Shokozoban da Suka Kai Inna Ƙauye

A shekarar da soja suka koma bariki, farar hula suka karɓi mulki, ina da wata tsohuwar mota ruwan toka da na saya a hannun wani maƙwabcinmu a Tudun Wada bayan ya yi ritaya. Injinta garau yake, ba ya zuƙar mai, ba ya hayaƙi. Ciwonta ɗaya ne, ƙugu. Shokozoban baya, ƙarafan nan biyu masu shanye girgiza idan taya ta faɗa rami, sun daɗe da mutuwa. In na taka ɗan tudu sai bayan motar ya kama rausaya, sama da ƙasa, har in wuce gidaje bai daina ba. Abokan aikina a masaƙar Kakuri kullum sai sun tambaye ni wace waƙa nake sa mata take wannan rawa. Ni kuwa ko a jikina, tunda a gaba nake zama, na baya ya ji da kansa.

Sai Inna, mahaifiyata, ta zo mana ziyara daga ƙauyenmu da ke bayan Saminaka, a tsakiyar damina. Wata safiya santsin gansakuka ya kwashe ta a bakin famfo, ta faɗi zaune. Asibiti suka ce ƙashin bayanta ya tsage, ba abin da zai gyara shi sai kwanciya da haƙuri, kuma a guji jijjiga ta. Wadda ta zo da niyyar ta ɗan kwana biyu ta koma, sai ga ta kwance a ɗakinmu har aka fara karyar masara.

Ni ne ɗanta na fari, kuma Inna mutuniyar da ce, ba ta wasa da kunya. Ba ta kama sunana, ba ta kallon idona. In tana da magana da ni sai ta gaya wa matata, ko da ina zaune a gabanta. Balle ta ce mini wani wuri yana mata ciwo. Ranar da na fara mayar da ita asibiti a motar nan, na ɗaga ido na dubi madubi daidai lokacin da muka faɗa wani rami, sai na ga ta cusa bakin mayafinta a baki ta danne da haƙori, idonta a rufe, gumi yana tsatsafo mata. Da muka isa na sunkuya na ce, "Inna, sannu, ya jikin?" Ta dubi matata ta ce, "Ce masa lafiya lau." Abin ya tsaya mini a rai, amma na ce ai asibitin kusa ne, a bari albashi ya daidaita.

Albashi bai daidaita ba sai ga saƙo. Lokacin ba wayar hannu, wani ɗan garinmu mai kawo hatsi kasuwa shi ya biyo ta gida da yamma. Ya ce Yaya ba lafiya, jikin ya yi tsanani, kuma duk wanda ya shiga ɗakinta sai ta tambaye shi ko ƙanwarta ta iso. Yaya ita ce yayar Inna, uwa ɗaya uba ɗaya. Uwarsu ta rasu Inna tana goye, Yaya ce ta ɗauke ta ta raine ta, ita ta yi mata aure. Mu duka Yaya muke ce mata saboda haka muka ji Inna tana faɗa.

Inna ba ta yi kuka ba. Ta juya fuskarta bango ta ce wa matata, "Ce masa ya kai ni tasha. Ko a bayan babbar mota ne zan tafi."

Na san motocin tasha. Mutum huɗu ake cusawa a kujerar baya, ga kaya a cinya, ga direba mai ganin rami kamar abokin gaba da dole sai ya taka shi. In na sa ta a ciki, ba Yaya kaɗai za a yi wa jinya ba. Motata kuma na riga na ga abin da take yi mata a ɗan tsakanin gida da asibiti, balle tafiyar wuni, ƙarshenta kuma burji da ruwa ya zaizaye. Na ce wa matata, a gaban Inna don ta ji, ni zan kai ta da kaina, kuma ba za ta ciji mayafi ba. Ban san yadda zan yi ba lokacin da na faɗa. Hausawa suna cewa ba a fafe gora ranar tafiya, to ni ranar tafiyar na tashi neman goran ma.

Washegari na leƙa shagon sababbin kayan mota. Mai shagon ya faɗi farashin shokozoba biyu cikin kwali, na yi masa godiya na fito ban ko taya ba. Masaƙa a lokacin guntu-guntu take biyanmu. Sai na nufi Panteka, inda duk abin da aka taɓa ƙerawa da ƙarfe a duniya yake zuwa ya ƙare rayuwarsa, ko a tashe shi ya sake wata.

A can ma sai ka buɗe ido. Akwai masu ɗaukar mataccen shokozoba su huda shi, su ɗura masa baƙin mai, su toshe hudar da walda, su goge, su fesa baƙin fenti, su jera a tebur a ce ɗan Beljiyam ne, yanzu aka sauke shi daga kwantena. Yana iya yin mako guda yana aiki kafin ya zubar da man ya koma gawarsa. Wani saurayi ya miƙo mini irin wannan, yana ƙyalli, yana rantsuwa. Na shafa gindinsa da yatsa na ji tudun walda a ƙarƙashin fenti. Na ce masa ya ji tsoron Allah, ya ce in ba saye zan yi ba in ba mutane wuri. Muka ɗan yi cacar baki, don ni ma bakina ba ya shiru in an raina mini hankali.

Can ƙuryar kasuwar na sami wani Alhaji yana zaune a kan kujerar mota da aka cire, a gefensa wata mota irin tawa da ta yi karo, gabanta ya lotse gaba ɗaya, bayanta kuwa ko ƙwarzane babu. Na ce shokozoban bayan nan nake so, kuma a kwance su a gabana. Ya yi dariya ya ce, "Malam, an taɓa cutarka ke nan." Na ce ba a taɓa ba, kuma ba yau za a fara ba. Aka kwanto su duk laka da tsatsa. Na kafa ɗaya a ƙasa na danna da nauyina, ya shige a hankali yana turjewa, na ja shi sama ya taho a hankali yana turjewa, ba digon mai a jikinsa. Ɗayan ma haka. Muka yi ciniki har na tashi zan tafi ya kira ni, na dawo, na sake tashi. Daga ƙarshe ya sallama, na ɗaure su da igiya na rungumo kayana.

Bakanikena wani mutumin kudu ne da ke da gareji a Kakuri, ƙarƙashin bishiyar mangwaro. Ya fi shekara ashirin a Kaduna, Hausarsa ta nuna, sai dai yana yi yana yayyafa mata Turancin kasuwa. Ya juya shokozoban ya danna, ya ɗaga mini babban yatsa. Na ce, "Masta, ka ɗaura mini su da kyau. Ƙauye za ni, bayan Saminaka, hanyar ba ta da kyau." Iyakar abin da na ce masa ke nan. A wurinmu mutum ba ya yawo da ciwon mahaifiyarsa a baki yana tallarsa a gareji. Ya ce, "Saminaka? Ba damuwa, Malam, na gane. Ka zo gobe." Na bar masa mota na tafi neman mai da jarka, don layin gidan mai a shekarar sai ka wuni.

Ranar Asabar na koma. Tun daga nesa na hango motata ta ɗaga baya sama, ta dungurar da hanci ƙasa. Masta ya tare ni yana washe baki. Ya ce ya ƙara mini wani aiki kyauta, saboda ni mutuminsa ne. Na hau na zagaya layin garejin, rausaya ta tafi, motar tana tafiya cak. Daɗi ya kama ni, na yi masa godiya har da riƙe hannu biyu.

Da na isa gida matata ta ce kafin a sa Inna, bari ita ta fara zama a baya. Allah ya yi mata albarka da wannan dabara. Muka bi ta hanyar Trikania, wadda kansilan da muka zaɓa ya yi alkawarin shimfiɗa wa kwalta, amma har lokacin hotunansa kawai ke manne a bango. Ramin farko na ji haƙoranta sun haɗu, ƙas. Na biyu kanta ya bugi rufi, ɗankwalinta ya zame.

Ta ce, "Malam, tsaya. Wannan ai amalanke ka kawo mana. Gara ma da, da tana lilo, yanzu duka take yi."

Na fito na durƙusa na leƙa ƙarƙashi. Shokozobana suna nan daram. Amma sifirin ɗin da ke naɗe da kowanne, wanda shi ne ke lotsawa ya ba da laushi, an yayyanka tsohuwar taya an cusa a tsakanin zobbansa, an ɗaure da waya tam. Tayoyin baya kuma an ɗura musu iska har sun yi tauri kamar dutse. Nan take na gane abin da ya gane. Da kaka, duk mai mota a Kaduna da ya ce za shi Saminaka, masara zai kwaso. Haka direbobin haya ke sa a yi musu, don su lafta buhuna mota ba ta zauna a kan taya ba. Masta ya shirya mini motar dakon hatsi. Gyaran gangar Abzinawa ke nan.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na juya zuwa Kakuri, na tarar ya rufe ya tafi. Na dawo gida kuma na tarar mai hatsin nan ya aiko da wani saƙo ta bakin wani direba: Yaya ta daina cin abinci, in za a zo a zo. Inna ta sa an ɗaure mata kayanta a zane, ƙullin yana ajiye a bakin ƙofa inda dole in gan shi.

Lahadi da sassafe na nemi gidan Masta a Sabon Tasha da tambaya. Na same shi ya ci ado, farar riga, takalmi yana sheƙi, iyalinsa sun jeru za su coci. Ban ko gama gaisuwa ba na fara sauke masa abin da na kwana da shi. Wa ya sa ka? Na ce ka cusa mini taya? Ya tsaya yana kallona, shi ma ransa ya soma ɓaci, ya ce shi da ya yi mini alheri bai karɓi ko kwabo ba, ga sakayyarsa. Ya ce buhu nawa zan ɗauko da har nake wannan faɗa.

Na ce, "Ba buhu ba ne. Mahaifiyata ce. Ƙashin bayanta ya tsage, yayarta tana bakin mutuwa a ƙauye."

Matarsa ta dafe ƙirji ta ce wani abu da yarensu. Shi kuma ya ce, "Haba Malam! Ka ce ƙauye, ka ce hanya ba kyau. Ba ka ce Mama ba. Da ka ce Mama, wallahi ko waya ɗaya ba zan sa ba." Ya ce yau shi ke karatu a coci, ba zai iya fashi ba, amma ana tashi zai zo gidana. Na ce ba zan zauna ina kallon mota har rana ta raba ba, ya ba ni kayan aiki in fara. Ya koma ciki ya fito da jak da filaya da dogon ƙarfen cire taya. Ya tsuguna da farar rigarsa ya zana mini a ƙasa da tsinke: a jikin mota za ka kafa jak, ba a ƙafar taya ba, don sifirin ya miƙe ya saki robar, kuma ka tokare da bulo kafin ka sa hannu.

Ni ma'ajin kaya ne a masaƙa, hannuna da biro ya saba. Amma ranar na tuɓe riga a ƙofar gida, na shimfiɗa buhu na shige ƙarƙashin mota. Wayar ta ba ni wuya, robar ta fi ta. Masta da guduma ya buga su, ni kuma da ƙarfe nake ɓamɓarowa ɗaya bayan ɗaya. Maƙwabta suka kewaye ni, kowa da shawararsa, na waje ai shi ne gwanin doki. Wani ya ce in bar robar ai ƙarfi ce, wani ya ce dama in sayar da motar in huta. Na ce duk wanda ba zai riƙe mini filaya ba ya tafi ya ci abincinsa. Ƙarfen ya kuɓuce sau ɗaya ya daki babban yatsana, farcen ya yi baƙi nan da nan. Na tsotse shi na ci gaba, don in na tsaya jin zafi zan tuna da ƙullin kayan da ke bakin ƙofa.

Na gama ɓangare ɗaya ina kan na biyu sai na ga takalma masu sheƙi sun tsaya kusa da kaina. Masta ne, daga coci kai tsaye. Ya naɗe hannun farar rigarsa ya ce in fito. Abin da ya cinye mini hantsi shi ya gama shi kafin in wanke hannu. Ya bi kowane noti ya ƙara ɗaurewa, ya rage iskar tayoyin baya. Sannan ya ce a samo masa buhun yashi a sa a but ɗin baya, domin mota in bayanta ba nauyi tsalle take yi, ɗan nauyi shi ke kwantar da ita. Na dube shi na ce ashe dai sai na ɗauki buhun nan. Ya fashe da dariya, ni ma na yi, faɗa ya ƙare.

Gwajin kuma matata ce ta sake kawo shi. Ta ɗebo ruwa a kwanon sha ya kusa cika, ta zauna a baya ta ɗora shi a cinya. Ta ce in ruwan nan ya zube mata, to Inna za ta ji. Muka koma hanyar Trikania, Masta a gaba kusa da ni. Zuwan farko ta jiƙe har gwiwa. Masta ya sauka ya ƙara rage iska, ya tura buhun ya zauna daidai kan tayoyi. Zuwa na biyu ya ɗan fallatsa, ta ce wannan kuma ba laifin mota ba ne, laifin direba ne. Suka haɗu suka koya mini tuƙi kamar ban taɓa riƙe sitiyari ba: in taka birki kafin rami, in sake shi kafin taya ta faɗa, in shiga a karkace, taya ɗaya bayan ɗaya. Na haɗiye girman kaina na bi. Muka yi ta kai da komowa har yaran unguwar suka gane mu, suna ihu ga masu yawo da ruwa. A zuwan ƙarshe ruwan ya yi ta kaɗawa a cikin kwano amma bai tsallake baki ba. Masta ya shiga ya gaida Inna daga bakin ƙofa, ya ce, "Mama, Allah ya sawwaƙe," sannan ya tafi da rigarsa da ba za ta sake zama fara ba.

Da asuba muka shimfiɗa 'yar katifa a kujerar baya, muka tokare Inna da matasai ta kowane gefe, matata ta zauna a wajen ƙafafunta. Na ja mota. Tsoro nake ji, ba zan ɓoye ba, rabin hankalina a hanya, rabi a madubi. Manyan motoci suna danna mini oda suna wucewa, wani kwandasta ya leƙo ya tambaye ni ko ƙwai na ɗauko. Ban kula shi ba. Ramin farko mai zurfi na shiga a karkace na fita, na dubi madubi. Idon Inna a buɗe, tana jan carbinta.

Bayan mun wuce Pambeguwa na ji ta yi magana ƙasa-ƙasa. Na fara neman wurin tsayawa. Matata ta ce, "Inna ta ce wai ka ƙara wuta, wannan tafiyar hawainiya sai yaushe." Ban san lokacin da hawaye ya zubo mini ba. Na ɗan ƙara, amma ba yadda take so ba.

Burjin ƙarshe ya fi abin da na zata muni. Wasu wuraren sai na sauka na cike zaizaya da duwatsu da ƙasa kafin in wuce. Rana ta karkata muka shiga gari. Tun daga bakin kasuwa nake duban fuskokin mutane, ina neman alamar ko mun makara. Na hango ƙofar gidan Yaya, ba tabarmi a waje, ba taron maza. Sai a lokacin na saki numfashi.

Mata suka fito suka ɗauki Inna a kan katifarta, suka shiga da ita, suka ajiye ta dab da gadon Yaya. Na tsaya a bakin ƙofa. Yaya ta ƙare, sai fata da ƙashi, idonta ma ba ya gani sosai. Aka ce mata ga ƙanwarki ta iso. Ta miƙo hannu tana lalube, ta sami fuskar Inna, ta shafa kumatunta, ta gangara wuya, ta kama damtsenta ta matsa.

Ta ce, "Kin rame. Ba sa ba ki abinci a birnin?"

Inna, tsohuwa mai jikoki, ta fashe da kuka irin wanda ban taɓa jin ta yi ba. Yaya ta ce a daina tsayawa ana kallo, a dama wa yarinyar nan kunu, ta sha hanya. Aka kawo kunun tsamiya a ƙwarya da ludayi. Inna ta share ido ta ce ita ba za ta sha ba sai Yaya ta fara. Suka yi ta gardama, wannan ta ce ke, wannan ta ce ke. Daga ƙarshe Yaya ta ce, "Taurin kanki yana nan," ta buɗe baki. Inna ta ɗaga ludayi daga kwance ta ba ta.

Yaya ta ƙara kwanaki kaɗan, kuma duk abin da ya shiga cikinta a kwanakin nan daga hannun Inna ya shiga. Ta cika da hantsi, hannunta a cikin na ƙanwarta. Inna ce ta rufe mata ido.